Ƙarar waƙa na sauka idan amshi ya shigo, kalangu kuma yana danne murya

Makaɗin Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan sana'a. Yau kwana uku ina fama da wata waƙar biki, ga shi ranar Juma'a za a yi kamu, uwar amarya kuma ta riga ta ba da rabin kuɗi. Da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, nake aiki. A cikin kiɗan akwai kik (bugun babbar ganga), bes, fiyano da sarewar kibod, sai kalangu na gaske wanda wani makaɗi ya zo har ɗakina ya kaɗa, na ɗauka da makirfo. Mawaƙi ɗaya ne, 'yar amshi ɗaya.

Baitin farko lafiya lau yake tafiya. Da zarar amshi ya shigo, daidai daƙiƙa ta 48, sai ka ji kamar wani ya miƙa hannu ya rage rediyo. Wurin da ya kamata waƙa ta miƙe, nan take durƙusawa. Duk bugun kik sai murya ta nutse ta taso, ta nutse ta taso. Na ƙara wa muryar ƙarfi, abin ya ƙara dagulewa.

Sai kalangun. In na ɗaga shi, sunan amarya ba ya fita daga bakin mawaƙi. In na rage shi, waƙar ta zama lami, alhali uwar amarya saboda kalangun nan ta zo wurina. Jiya kuma ƙanena ya saka waƙar a 'yar sifikarsa ta Bluetooth, muryar 'yar amshi ta kusa ɓacewa ɗungurungum, bayan a hedfon ɗina fes take. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Baba Injiniya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa komai, leƙa layin masta, wato layin da duk sautukan ke haɗuwa su fita, ka ga me ke kansa. Ina kyautata zaton za ka tarar da Fruity Limiter a zaune, don akwai shafin farawa na FL da ke zuwa da shi tun kafin ka sa ko sauti ɗaya. Limita ne, aikinsa shi ne kada ƙara ta haura 0 dB (dB ma'aunin ƙara ne, 0 shi ne rufi). A baiti kayanka kaɗan ne, bai sami abin kamawa ba. A amshi kuwa kik, bes, kalangu da muryoyi duk sun afko lokaci guda, jimlarsu ta wuce rufi, sai ya danne waƙar baki ɗaya. Shi bai san murya ba, bai san bes ba, abin da ya taru kawai yake gani. Sautin ƙasa kuma shi ya fi cin wuri, shi ya sa kik ke bugawa murya na sunkuyawa. Ƙarin da ka yi wa muryar ma aiki ka ƙara masa.

Kashe shi. Za ka ga mita ta yi ja. Sai ka zaɓi dukkan layukan ka sauke su tare, har wurin da ya fi ƙara a waƙar ya tsaya wajen -6 dB a masta. Waƙar za ta yi maka sanyi a kunne, to ƙara sifikarka, kada ka koma kan layukan. Ƙarfin ƙarshe a mastarin ake nemansa, wato gyaran ƙarshe na waƙar gaba ɗaya, bayan an gama miksin, wato daidaita sautukan da juna.

Sannan ka sa Parametric EQ 2, abin rage ko ƙara wani yanki na sauti, a kan duk abin da ba kik ba ne, ba bes ba ne, ka yanke ƙasansa. Muryar namiji daga wajen 80 zuwa 100 Hz (ma'aunin kauri ko siririntar sauti), fiyano ma kana iya hawa sama da haka tunda bes na nan. Akwai gurnanin da ba ka ji sosai amma limita na jin sa, har da na fanka da janareto da makirfo ya kwaso.

Makaɗin Fagge:

Wallahi Baba kamar kana ɗakin. Limitan na nan, da na kashe shi masta ta haura da kusan 5 dB a wurin amshi. Na sauke komai, durƙuson ya tafi. Allah ya saka da alheri. Saura kalangu da 'yar amshi.

Ɗan Tudun Wada:

Malam, tambaya ɗaya: muryar amshin nan sau nawa ta rera? In sau ɗaya ta rera, ka kwafe ta ka jefa ɗaya hagu ɗaya dama, ka ɗan ja ɗaya baya ko ka sa mata abin faɗaɗa sitiriyo, to ga ɓarawonka nan. A hedfon kowane kunne nasa yake ji, sai ta yi faɗi da daɗi. Ƙaramar sifika mai baki ɗaya kuwa haɗe hagu da dama take yi, igiyoyin sautin biyu su yi karo, inda wannan ya hau wancan ya sauka, su cinye juna. Kuma ka tuna yawancin waɗanda za su ji waƙar nan a waya za su ji ta, ko a sifikar dije a filin biki. Akwai ɗan maɓallin raba sitiriyo a layin masta, murɗa shi dama gaba ɗaya waƙar ta koma mono, wato hagu da dama a haɗe, za ka ji abin da ƙanenka ya ji. Ni ba na fitar da aiki sai na saurare shi a haka.

Maganin gaskiya, kira ta ta sake rerawa sau biyu. Ta farko a tsakiya, sababbin biyu hagu da dama. Ɗan bambancin numfashi da na lafazi shi ke ba da faɗin da ba ya rushewa.

Kalangu kuma, ni a nan nake jin haushin yadda wasunmu ke yi masa. Sai a ɗauke shi kamar kik, a yanke nan a yanke can har ya koma ƙwanƙwasar gwangwani. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, don haka ba ya zama a wuri ɗaya da za ka ce ga inda zan yanke. Jikinsa yana yawo a yankin da kaurin muryar namiji yake, da hannun hagun fiyano, da saman bes, wato tsakanin 150 zuwa 400 Hz, inda laka ke taruwa. To wa zai matsa? Fiyano. Rage masa 3 ko 4 dB wajen 300 Hz, ko ma mai kibod ya ɗauke hannun hagu a amshi. Sautin bugun sandar kiɗa a kan fata kuma yana can sama, wajen 2 zuwa 4 kHz, inda haruffan magana ke fitowa. Nan ne yake cinye sunan amarya. Sassauta masa kaɗan a wurin, kada ka wuce 2 ko 3 dB.

Uwar Amshi:

Ni mawaƙiya ce, ba injiniya ba, amma bari in sa baki. A gidan biki makaɗin ƙwarai ba ya zuba kiɗa a kan bakin mawaƙi. Yana lafawa a yi magana, in an ajiye numfashi ya amsa. In makaɗinka ya cika ko'ina da bugu, EQ ba zai gama maka aikin ba. Ku sassauta shi daidai inda ake kiran suna da kirarin dangi, ku sake shi a gaɓar da murya ta yi shiru. Mu da ke rerawa mun fi kowa sanin zafin a ce kalmarka ba ta fita.

Baba Injiniya:

Hajiya ta faɗi gaskiya, zana layin ƙarar kalangun da hannu ya fi komai a nan. Abu ɗaya zan ƙara: kik da bes. Sa kwamfuresa, mai danne sauti in ya yi yawa, a kan bes, kik ya riƙa taɓa shi ta gefe yana sunkuyar da shi 2 ko 3 dB a kowane bugu. Fruity Limiter ɗin nan ma yana yi, a ɓangarensa na COMP. In ka zo mastarin kada ka matse ta don neman ƙara. Spotify da YouTube suna sauke waƙar da ta yi ƙara da yawa zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya), ka ga matsewar ta tashi a banza. Bar rufinka a -1 dB.

Makaɗin Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Tudun Wada ka canka, kwafe ta na yi. 'Yar amshin ta dawo da yamma ta rera sau biyu, a mono yanzu tana nan daram. Fiyano na rage masa 3 dB a 280, kalangun ban yanke masa komai a tsakiya ba, wurare tara na sassauta shi da hannu inda ake kiran suna, kamar yadda Hajiya ta ce. Na sa ƙanena ya tsaya bakin ƙofa da sifikarsa, ni ina tsakar gida, na ji sunan amarya da na kakarta tar, kalangu na amsawa a bayansu. Gobe da safe zan sake saurara da sabon kunne, sannan in tura wa dije a matsayin fayil don kada WhatsApp ya matse ta.