Neman shawara: wace kalar rim ce za ta dace da shuɗiyar Mustang?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mani, lamarin nan ya hana ni sakat. Ford Mustang gare ni, ƙirar 2016, shuɗiya mai duhu, irin wadda ke ƙyalli idan rana ta buge ta. Yayana da ke aiki a Amurka ne ya samo mani ita a gwanjo. Sai da na sayar da Corolla ɗina da wani ɗan fili da na saya a hanyar Batagarawa tun ina bautar ƙasa, sannan kuɗin suka cika. Ba ƙaramin tashin hankali aka yi a gida ba. Baba ya ce mota mai ƙofa biyu ba ta mai niyyar ajiye iyali ba ce, Hajiya ta daina amsa gaisuwata yadda ta saba, sai da Kawu ya sa baki aka bar ni. Na faɗi wannan ne don ku san matsayin motar nan a wurina, ba na son in yi mata abin da za a ce da ma mun faɗa. To rim ɗin da ta zo da su ruwan siliba ne, biyu sun gogu a baki, fentin ya fara ɓarewa. Ga ɗaurin auren aminina a Daura ya ƙarato, ni zan ɗauko ango. Na riga na ba wani mai fenti kafin alƙalami a kan ruwan zinare, sai jiya wani abokina ya ce mani zai zama fariya, mutane za su yi ta nuna ni. Yanzu na rasa abin yi.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye maganar zinare. Ruwan toka mai duhu, wanda ba ya ƙyalli sosai, shi ne amsarka. Datti iri biyu ke hawa rim a garin nan. Akwai ƙurar birki, wato ɓurɓushin ƙarfe da ke fita duk lokacin da ka taka, baƙi ne, da zafinsa yake sauka ya manne wa fenti. Shi ke ɓata fari da siliba da zinare. Sai ƙurar hunturu da jar ƙasa, su kuma haske gare su, a kan baƙin rim suka fi fitowa. Ruwan toka na tsakiya, yana ɓoye duka biyun. Kuma shuɗi mai duhu ba ya son abin da zai yi gasa da shi, jikin motar ya kamata ido ya fara gani. Wanda duk ya gaya maka wani abu daban bai taɓa riƙe mota a Katsina daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba.

Baban Ilham:
Injiniya, da girmanka, ban yarda ba. Baƙi shi ne na motar tsere. Kamfanin Ford da kansa baƙin rim mai inci 19 ya sa wa Mustang GT, wato mai babban inji, da aka ƙara wa kayan gudu a ƙirar nan. Su da suka ƙera ta ba su san abin da ya dace ba ne?

Injiniya:
Sun ƙera ta ne don titunan da ba su san hunturu ba. Baƙin rim kan haɗe da baƙar taya, daga nesa ba ka ganin zanen rim ɗin sam, sai rami. Ka wanke da safe, kafin ka kai shataletalen Ƙofar Ƙaura ya yi fari. Kuma kowace ƙarzuwa tana nunawa, don farin alminiyom ne a ƙasa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode Yaya Injiniya. Amma zinaren nan ba da ka na zaɓe shi ba. Shuɗi da zinare haɗi ne mai asali. Subaru Impreza da Colin McRae ya ci gasar tseren daji ta duniya da ita a 1995 shuɗiya ce da rim ruwan zinare, har yau ana kwaikwayonta. Tun ina sakandare hoton yake raina.

Injiniya:
Subaru daban, Mustang daban. Waccan ƙaramar mota ce ta Japan, shuɗinta da na taka ba ɗaya ba ne, kuma jikinta cike yake da rubutun talla ruwan ɗorawa da ke amsa wa rim ɗin. Taka babu komai a jikinta da zai amsa wa zinare. Zai tsaya shi kaɗai kamar haƙorin Makka.

Maman Sultan:
Ni dai abin da zan ce, ka yi hattara da masu fentin nan. Maigidana ya kai rim ɗin motarmu wurin wani a hanyar Dutsin-Ma, ya ce kwana kaɗan. Muka yi ta zarya, ni da yara muna hawa Napep zuwa makaranta, mota na kan bulo. Da ya gama ashe ko kankare tsohon fentin bai yi ba, ko tayoyin bai cire ba, ya fesa har kan roba. Ruwan farko na damina ya fara kwaɓewa. Da aka yi masa magana ya ce wai mu ne muke wankewa da omo. Har yau kuɗinmu ba su dawo ba, Allah ya isa kawai na ce.

Na Sabuwar Unguwa:
Wallahi Hajiya gaskiyarki. Ni nawa ma ba fenti ba ne. Na sa manyan rim da siraran taya, rami ɗaya na faɗa da dare ina dawowa daga Mashi, rim ya lanƙwashe, taya ta fashe, ga iyali a mota. Mu da ke fama da wannan wa ke ta kala?

Mai Gareji:
Malam, ba ka faɗa mana abin da ya fi muhimmanci ba. Inci nawa ne rim ɗin? GT ce mai silinda 8 ko EcoBoost mai 4? Fenti za ka yi ko sabbi za ka saya? In saye ne, Mustang ƙusa 5 gare ta a kan awon milimita 114.3, daidai da Camry da Accord, shi ya sa a Ƙofar Ruwa ta Kano za a iya miƙo maka na Camry a ce zai shiga. Awon ƙusoshin ɗaya ne, amma zurfin rim ɗin na iya bambanta, ya riƙa gugar birki. Na Marsandi kuwa 112 ne, kada ma ka gwada. In fenti ne, wanne? Na feshi ko na gari da ake gasawa a tanda da zafi wajen digiri 200? Na gashin ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma dole a cire taya da na'urar auna iska da ke cikin kowane rim. Kuma kada a bar fenti ya hau mazaunin noti da bayan rim inda yake zama a kan ƙafa, in ya hau notika na iya kwancewa kana tafe.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Mai fentin nan na san shi, shi ya yi wa maƙwabcinmu aiki kuma ya yi kyau. Ba na jin zai cuce ni. Kuma ba zan iya zuwa in ce ya dawo mani da kuɗi ba, ya ce har ya sa a kawo fentin daga Kano.

Mai Gareji:
Ba ka amsa tambayata ba. Feshi ne ko gashi?

Baban Ilham:
In dai zinaren ne ya shiga ransa, ya rage masa haske ya koma ruwan tagulla mai duhu. Rim ɗin TE37 na kamfanin Rays na Japan da wannan kalar ya yi suna, kuma tana zama a kan shuɗi. Tana ɓoye jar ƙasa ma.

Injiniya:
Ɗazu baƙi kake cewa, yanzu tagulla. Wa zai haɗa masa wannan kalar daidai a nan? Za a ba shi ruwan ƙasa ne a ce tagulla ce. Sannan ranar da zai sayar, dillalan Katsina za su rage masa kuɗi, don mai saye yana ganin rim mai kala zai ce yaro ne ya riƙe ta, an bugi injin. Na faɗa na ƙara, ruwan toka.

Kawu Mani:
Ɗana, ka bar su yadda Allah ya kawo su, a gyara biyun da suka gogu da kalarsu ta asali. Ragowar kuɗin ka sa wa ango a gudummawa. Mahaifinka ma zai fi jin daɗi.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Kawu na ji, Allah ya ƙara girma, gudummawar ango na riga na ware. Sai dai ni ban taɓa son silibar nan ba tun ranar da aka sauke motar. Kuma sayarwa ba ta cikin lissafina, Yaya Injiniya. Abin da nake tunani yanzu, in ce ya fesa ɗaya kawai da zinaren in ɗaura in gani da rana. In bai yi ba sai a san abin yi. Ko akwai wanda ya taɓa ganin zinare a kan shuɗiyar mota a garin nan da idonsa, ba a hoto ba?

Mai Gareji:
Kafin ya fesa ko ɗaya, ka tambaye shi ko zai cire tayar.

Injiniya:
In ya fesa ɗaya sai an sake kankare shi kafin a sa tokar, kuɗi biyu ke nan. Turo mani hoton motar ta gefe, a tsaye a rana.