An kai ƙanena likita ƙara MDCN, ya daina ci ya daina barci, ya zan yi?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Ƙanena likita ne a wani asibitin gwamnati, wata baiwar Allah ta rasu a hannunsa wajen haihuwa cikin dare, jini ya ɓalle mata kuma babu jini a asibitin, shi kaɗai ne likitan da ke duti. Danginta sun rubuta takardar rantsuwa sun kai MDCN, wato hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, an aiko masa ya kare kansa. Tun daga nan yaron nan ya koma wani iri, abinci sai matarsa ta yi da gaske, wayarsa na yin ƙara zai zabura, jiya har cewa ya yi da ma shi ne ya mutu ba ita ba. Wallahi hankalina ya tashi.

Likita_a_Ingila:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan maganar da ya faɗa jiya kar ku ɗauke ta wasa, ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa cikin satin nan, kuma kar a riƙa barinsa shi kaɗai a ɗaki. A nan Ingila wani rahoto da hukumar GMC mai kula da aikin likitoci ta sa aka yi a 2014 ya gano likitoci 28 da suka kashe kansu ko ake zargin haka tsakanin 2005 da 2013, duk suna cikin bincike. A nan akwai inda likita zai kira a asirce wani likita ɗan'uwansa ya saurare shi har a gama shari'ar. Sannan ku fahimtar da shi ƙara ba hukunci ba ce, kwamitin bincike ne zai fara dubawa ko akwai abin tuhuma kafin a je tiribunal, kuma ko can aka yanke yana iya ɗaukaka ƙara. Dakta Hadiza Bawa-Garba an cire sunanta daga rajistar likitoci a nan Ingila a Janairun 2018 kan rasuwar wani yaro a Leicester, a Agustan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta koma aiki.

Abu Safwan:
Allah ya ba shi lafiya, amma gaskiya ku tuna da mijin matar nan da marayun da ta bari. Nima yayata a kan haihuwa ta tafi, babu wanda ya zo ya yi mana bayani, kowa sai kauda kai. Kai ƙara haƙƙinsu ne.

Sista Nas:
Malam Abu Allah ya jiƙan yayarka, babu mai cewa kar a yi bincike, ai binciken ne ma zai fito da maganar jinin da babu. Maman Hanif ki ce masa ya samu lauya kafin ya rubuta ko layi ɗaya, ya sanar da ƙungiyar likitoci ta NMA ta jiharsu, kuma kar ya kuskura ya taɓa fayil ɗin marigayiyar da sunan gyara, wannan ke kayar da mutane ko da suna da gaskiya. Abokan aiki kuma mu ji tsoron Allah, da an ji takarda ta zo sai a fara ƙus-ƙus a korido ana gudun mutum, alhali mun san abin da dutin dare yake.

Maman Hanif:
Na gode Allah ya saka da alheri. Malam Abu na ji maganarka, mu ma kullum muna yi mata addu'a. Zan tura babban yayanmu ya kwana wajensa yau, shi yake jin maganarsa, gobe in sha Allah mu nemi likitan.