Babur na farko, da wannan ɗaga hannun da masu babura ke wa juna a hanya

SabonShiga:
Salam yan uwa. Tambaya biyu gareni amma a haɗe suke. Wata uku kenan ina koyo da tsohon Honda CG125 na yayana, yanzu na ɗan tara abinda ya samu ina so in sayi nawa. Abokaina sun dameni wai kar in ɓata kuɗi kan ƙarami, in je kai tsaye in ɗauki 600cc irin su Yamaha R6, tunda a cewarsu ko na sayi ƙarami wata shida zan gaji dashi in koma neman babba. Ni kuma gsky har yanzu wani lokacin babur na mutu min a danja in na zo tashi.

Ta biyun kuma, ran Asabar na ɗan fita bayan gari sai na haɗu da wasu su huɗu kan manyan babura, na gaban ya sauke hannun hagu ƙasa ya miƙe yatsu biyu, na bayansa ma suka yi haka. Wlh ɗauka nayi tayata ce ta sace ko wani abu ya faɗo min, har sai da na faka na dudduba. Daga baya aka ce min ai gaisuwa ce. To tun ranar duk wanda na hango sai in ɗaga masa hannu, wasu su mayar, wasu su wuce kamar ba su ganni ba. Don babur ɗina ƙarami ne suke shareni ko akwai wata ƙa'ida da ban sani ba?

Baba_Kuloci:
Wa alaikumus salam yaro. Bari in fara da ta farko don ita ce ke da rai a ciki. Waɗannan abokan naka, tambayesu cikinsu nawa ne suka taɓa hawa R6 ɗin. CG125 da kake kai ƙarfinsa bai wuce doki 11 ba, R6 kuma ya haura doki 110, wato ninki goma kenan, kuma matsalar ba yawan ƙarfin kaɗai bane, yadda yake zuwa ne. A ƙasa ƙasa zaka ji shi lafiya lau kamar ba komai, sai inji ya haura juyi 10,000 a minti ɗaya sannan ya zubo maka ƙarfin gaba ɗaya, to wanda har yanzu hannunsa bai saba da sakin kuloci ba in ya faɗa rami hannunsa ya murɗa totur ba da niyya ba, kafin ya ce meye wannan babur ya tafi ya barshi. Ga shi an ƙera shi ne don filin tsere, zama a kai a duƙe, kan babur ɗin baya juyawa sosai, in zaka yi kwana a lungu sai ka sha wuya.

Ba banza ba a Turai suka raba lasin kashi kashi. Akwai A1 na 125cc, sai A2 wanda ba a yarda ka wuce kilowat 35 ba, kimanin doki 47, sai ka yi shekara 2 a kai ko ka kai shekara 24 sannan a sakar maka kowane irin babur. Kamfanoni ma da wannan ma'aunin suke ƙera na yan koyo, shi yasa zaka ga Yamaha R3 mai 321cc, Kawasaki Ninja 400, KTM Duke 390, Honda Rebel 500 duk ƙarfinsu a nan kusa yake. In kai ba dogo bane duba Rebel, kujerarsa santimita 69 ce daga ƙasa, ƙafafunka biyu zasu taka ƙasa daram, kuma wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali bane ga ɗan koyo.

Ka sayi na hannu, don zaka kayar dashi, wannan babu tantama, yawanci ma a tsaye ko wajen juyawa a hankali. Gara ya zama wanda dama yana da ƙwarzane. In da hali ka nemi mai birkin ABS, wanda baya barin taya ta ƙame in ka danne birki a firgice. Sannan ka ware kuɗin hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, jaket da takalmi mai rufe idon sawu kafin ka yi cinikin babur, ba bayan kuɗi sun ƙare ba.

Mai_Rebel:
Baba ya gama da ta farko, ni ta gaisuwar zan taɓa don nima abin ya taɓa damuna lol. Yatsu biyu da ake nunawa ƙasa ma'anarsu tayoyinka biyu su zauna a ƙasa, kamar ka ce Allah ya kiyaye hanya ne, kuma a Amurka aka fi yin wannan salon. Da hagu ake yi saboda dama tana kan totur da birkin gaba, in ka saketa babur zai rage gudu nan take. A ƙasashen da ake tuƙi ta hannun hagu kamar Ingila da Ostiraliya mai tahowa ta damanka yake wucewa, hannun da zai gani shi ne wanda bazaka iya saki ba, sai suka koma gyaɗa kai kawai. A Faransa kuma in ya wuce ka ta gefe sai ka ga ya miƙo ƙafar dama, gaisuwa ce ko godiya in ka matsa masa, masu mota ma ana musu. In kuma kaga wani yana bubbuga saman hularsa da tafin hannu wannan ba gaisuwa bace, yana gaya maka akwai yan sanda a gaba ne.

Game da waɗanda basu mayar maka ba, kar ka sa a ranka. Hannun hagun nan shi ke riƙe kuloci, in mutum yana canza giya ko yana cikin kwana ko yana kallon wata mota da ke shirin faɗo masa bazai saki ba, wani kuma sai kun gifta sannan ya ankara, ya ɗaga wa iska hannu kai baka gani ba. Kuma a cikin gari inda babura suka yi yawa ba wanda ke yi, in ka ce kowa zaka gaisar hannunka bazai koma kan babur ba har ka isa gida. Abin na buɗaɗɗiyar hanya ne inda zaka yi tafiya mai nisa kafin ka haɗu da ɗan uwanka.

Ni a watan farko na tsaya a mahaɗa ina cikin giya ɗaya, wani ya gaisheni, cikin zumuɗi na saki kuloci na ɗaga masa hannu, babur ya yi tsalle ya mutu na kwanta dashi a gaban jama'a. Madubi ya fashe, kunya kuwa kar ka tambaya. Tun ranar kai nake gyaɗawa in ba a miƙaƙƙiyar hanya nake ba.

Dan_Salansa:
Ni dai ban yarda da ku ɗari bisa ɗari ba. Eh R6 a'a, amma ba kowane mai lamba 600 ne mugu ba. Da Suzuki SV650 na fara, silinda biyu ne, dokinsa 70 da ɗoriya amma a hankali yake bada ƙarfin tun daga ƙasa, baya maka bazata, kuma shekara 5 ina kai ban gaji ba. Sai dai yana da nauyi, ya kusa kilo 200, in ya fara karkata a tsaye ba ƙaramin aiki bane tare shi. In kana da jiki kuma kana da haƙuri zai yi.

Kuma Hajiya Mai_Rebel mu faɗi gsky, akwai masu girman kai. Akwai wanda in ba irin baburinsa kake kai ba ko kallo baka isheshi ba, masu manyan na yawo su share masu na gudu, masu na gudu su share masu sukuta. Na sha gani. Ni kowa nake ɗagawa har mai 50cc, rana ɗaya ke dukanmu ruwa ɗaya ke jiƙamu, kuma direban da bai duba madubi ba baya tambayar cc nawa ne kafin ya bangaje ka.

Baba_Kuloci:
SV650 babur ne mai kirki tun fitowarsa a 1999, ban musa ba. Amma mutumin da babur ke mutu masa a danja nake wa magana Malam, ba kai ba. Ya yi shekara ɗaya kan 300 ko 400, ya koyi taka birki da ƙarfi, ya koyi kallon inda yake son zuwa maimakon ƙura wa ramin da yake tsoro ido, sannan ya sayar. Ƙananan nan basa kwantai, kullum akwai sabon ɗan koyo da ke nema.

SabonShiga:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya da Oga Dan_Salansa. Akwai wani R3 na hannu da aka nuna min, gobe zan je da bakanike ya duba min sarƙa da tayoyi da ko an taɓa buɗe injin. In ya yi shi zan ɗauka. Amma Hajiya ya zanyi da ayari, in sun kai su goma sai in yi ta ɗagawa ɗaya bayan ɗaya?

Mai_Rebel:
Haha a'a, sauke hannun sau ɗaya ka barshi a ƙasa har na ƙarshen ya wuce. In kuma kwana ce a gabanka riƙe kan babur da hannu biyu ka gyaɗa musu kai, zasu gane.