Ɗiyata tana da cutar siliyak: mun bar burodi da taliya amma zawo ya dawo

Maman Nana, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema a kan ɗiyata mai shekara 8. Ta daɗe tana fama da zawo da kumburin ciki da ƙarancin jini, ga rama, har ƙanwarta ta kusa kamo ta a tsawo. Wata biyu da suka wuce aka yi mata awon jini, aka zura na'ura ta baki aka ɗebo ɗan naman hanji, likita ya ce cutar siliyak ce, ita da alkama har abada. Mun bar ba ta burodi, taliya, makaroni, fanke da biskit. Sati ukun farko cikin ya lafa, yanzu kuma zawon ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Tuwon hatsi take ci da shinkafa, da safe ƙosai da koko da muke saye bakin hanya, wani lokaci ɗanwake. To ta ina alkamar ke shiga? Me zan riƙa ba ta idan za ta lakkwal? Kakarta ta ce ɗan gutsuren burodi bai taɓa kashe kowa ba. Babansu kuma ya ce mu hana ƙanwar alkama ita ma tun da wuri.

Majo:

Wa alaikumus salam Maman Nana, Allah ya ba ta lafiya. Bari in fara da maganar kaka, don a kanta komai ya rataya.

Abin da ke cutar da ita shi ne gulutan, wato danƙon nan da ke sa kwaɓin fulawa ya riƙa miƙewa idan an ja shi. Yana cikin alkama da sha'ir da wani danginsu da ake nomawa a Turai. Cikin ƙaramin hanji akwai ƴan tsiro-tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotsar amfanin abinci. Duk sanda gulutan ya shiga cikin mai siliyak, garkuwar jikinsa sai ta far wa waɗannan tsiro har su shafe, hanjin ya koma sumul kamar tsohon tawul. Daga nan zawo da rama da ƙarancin jini suke fitowa.

Yawan da ke ɓarna kaɗan ne ƙwarai. An gwada an ga miligiram 50 na gulutan kullum, tsawon wata uku, ya isa ya lalata hanjin. Wannan bai wuce kamar rabin giram na fulawa ba, abin da za ki ɗiba da yatsu biyu. Gutsuren burodin kaka ya ninka haka sau da yawa. Kuma ɓarnar tana faruwa ko yarinya ta yi zawo ko ba ta yi ba, saboda haka rashin ganin alama ba hujja ba ce.

Ƙanwar kuwa kada ku hana ta tukuna. Cikin dangi na kusa, iyaye da ƴan uwan ciki ɗaya, kusan mutum 1 cikin 10 kan kasance da cutar, don haka ya kamata a auna ta, har ke da babansu. Amma awon jinin, tTG-IgA, yana kama cutar ne idan mutum yana kan cin alkama. Kuka janye mata yanzu, sakamako zai iya fitowa lafiya lau alhali tana da ita, sai kuma an maida ta kan alkama makonni kafin a sake. A yi awon tukuna, a haɗa da awon jimillar IgA, wato wata garkuwar jiki da ke cikin jini, don wasu jikinsu ba ya yin ta da yawa kuma hakan yana ɓoye cutar.

Abu na ƙarshe, ba kowane zawo ne na alkama ba. Ki kai kashinta a duba tsutsar ciki da sauran ƙwayoyin hanji. Idan zawon ya yi yawa, ruwan gishiri da sukari kamar kowane yaro, ki kai ta gidan likita.

Hajiya mai waina:

Ɗiyata, ni dai ƙosan bakin hanya da ɗanwaken nan nake tuhuma. Wake ba ruwansa, amma dubi kaskon: mai ƙosai da yawa ita ce mai fanke, mai ɗaya ake tsoma duka, mataci ɗaya ake kwashewa da shi. Ɓurɓushin fanke yana yawo cikin man ya manne wa ƙosai, kuma wuta ba ta kashe danƙon alkama ko man ya yi hayaƙi. Haka soyayyar doya, dankali, awara da kifi, balle kifin da wasu ke barbaɗa wa fulawa kafin suya.

Ɗanwaken sayarwa kuwa yanzu galibi fulawa ce ta fi yawa a ciki, don ta fi sauƙin kamawa. Ki yi naki: garin wake kofi 2, garin rogo kofi 1, kuka babban cokali 2, sai ruwan kanwa da kika jiƙa kika tace. Ki kwaɓa da tauri yadda idan kin ɗebo da hannu zai tsaya, ki bar shi minti 10 kuka ta saki yauƙinta. Sai ruwa ya tafasa sosai za ki fara jefawa. Idan ya narke cikin tukunya, ko dai ruwan bai tafasa ba, ko kuka ta yi kaɗan, ko kwaɓin ya yi ruwa. Ya taso sama, ki ƙara masa minti 10 kina ɗan juyawa, sannan ki tsame cikin ruwan sanyi. Kanwa ta yi yawa zai yi ɗaci ya yi ja.

Waina ma wasu na ƙara mata fulawa don ta yi auki. Ba ta bukata. Shinkafar tuwo kofi 3 ki jiƙa ta kwana, ki dafa rabin kofi daban ta yi luguf, ki haɗa a markaɗa. Yis ƙaramin cokali 1, sukari kaɗan, ki rufe. Da zafin Maradi awa 3 zuwa 4 ta tashi, lokacin ɗari sai ta fi haka. Dafaffiyar shinkafar nan ita ke ba ta laushi. Idan ta yi tsami ki sa ɗigon ruwan kanwa. Yis ba shi da matsala, amma hodar tashin kek a karanta takardarta, wasu da garin alkama ake haɗa su.

Kunun gyaɗa na gidan mutane ki tambaya da me aka dama, akwai masu sa alkama. Alkaki, funkaso, alkubus, gurasa, cincin, dubulan, kuskus da tuwon semo duk alkama ne, ko da sunan bai nuna ba.

Mai inji, Sabon Gari:

Hajiya ta faɗi na kasko, ni zan faɗi na inji. Injin da ke niƙa hatsinku shi ke niƙa alkamar masu alkaki da funkaso, musamman da azumi da sallah da lokacin bukukuwa. Gari yana maƙalewa a haƙoran inji da cikin maƙogwaronsa, wanda ya biyo baya shi ke kwashewa. Bugun gefen inji da ake yi da sanda ba ya fidda shi duka.

Mafi tsabta turmi da taɓarya nata na kanta. Idan ba hali, ki nemi injin da ba ya karɓar alkama sam, ki tambayi mai injin kai tsaye. Idan dole sai na unguwa, a kwance shi a share haƙoran da buroshi, a fara zuba tiya ɗaya ta mutanen gida a kwashe daban, sannan a zuba nata. Wannan ragewa yake yi, ban ce ya kawar ba. Na markaɗe ya fi sauƙi tunda ana iya wanke shi da ruwa sau biyu kafin a zuba wake.

Ki kuma lura da buhu. Tsohon buhun fulawa ana yawan zuba hatsi ko gari a ciki. Ki sayi tsaba, ki tsince, ki wanke, ki shanya. Garin da aka riga aka niƙa aka kasa a kasuwa ba ki san injin da ya bi ba.

Malamar abinci:

Sa'arku ɗaya a nan, abincinmu na asali kusan duka halal ne gare ta: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, doya, dankali, wake, gyaɗa, riɗi, nama, ƙwai, kifi, zogale, kuka, kuɓewa. Ba sai kin nemi garin Turai mai tsada ba. Aikin yana wajen raba kayan girki da karanta takarda.

A madafa ki ware mata abubuwan da ba sa wankuwa sarai: rariya, muciya, ƙwarya, madambaci idan ana turara kuskus a cikinsa, da gwagwar tace taliya. Tukunyar ƙarfe da cokali wanki da sabulu ya ishe su. Ki ɗaura wa nata jan zare don ƴan aiki da yara su gane. Ranar da ake tankaɗen fulawa a rufe abincinta, ƙurar tana tashi ta sauka. Kuma a fara girka nata kafin na gida.

Kayan kanti na faransanci ki nemi waɗannan kalmomi: blé, froment, farine, semoule, orge, seigle, malt, gluten. Na Najeriya da ke shigowa ta Ɗan Isa: wheat, barley, rye, malt, semolina. Kin ga ɗaya, ki bar shi, kada ki saya. Wanda aka rubuta wa sans gluten ko aka zana zangarniyar alkama da aka soke, ma'anarsa bai wuce miligiram 20 a kilo ba, shi ne ma'aunin da duniya ta amince da shi. Inda aka fi faɗawa: ɗunƙulen miya, don wasu akwai fulawa a ciki, lemun malt, garin shayi mai malt, kunun yara na gwangwani, da garin kunun Quaker, wanda yawanci yake gauraye da alkama tun daga gona da masana'anta. Garin tallafi ma iri biyu ne, na masara da waken soya, da na alkama da waken soya, a duba buhun. Miya kuwa daddawar kalwa ko ta batso da albasa da busasshen kifi sun wadatar. Tsire da kilishi sai kin san abin da ke cikin yajin.

Wata kila kuma madara ce ke tada mata zawon. Hanjin da ya shafe ba ya iya narkar da sukarin madara, sai ya warke yake dawowa daidai. Ki janye ɗanyar madara da ta gari sati 2 zuwa 3 ki gani. Nono mai tsami ya fi kwanciya a ciki, ki ba ta kaɗan-kaɗan da furar gida, don tana bukatar abin gina ƙashi.

Na lakkwal: wainar gida, dafaffen ƙwai, dambun zogale, soyayyen dankali na kaskonku, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, ayaba. Ba ta dala 20 a hannu ta saya da kanta shi ne hanyar fanke. Ki gaya wa malaminta, ita ma ki koya mata ta riƙa cewa "alkama tana sa ni ciwo", yaro mai shekara 8 yana iya riƙe wannan.

Ɗan farmasi:

Ƙari kaɗan. Wasu ƙwayoyin magani da sitacin alkama ake ɗaure su, a takardar za ki ga amidon de blé. Ki faɗa a farmasi duk sanda za ki sayi magani. Na ƙarin jini ta sha yadda likita ya rubuta, kada a haɗa shi da shayi, yana hana shi shiga jiki. Ki riƙa auna nauyinta duk wata kina rubutawa. Akan maimaita awon jinin wajen wata 6, sannan shekara. Idan lambar tana sauka, abincin yana tafiya daidai, kuma takan ɗauki fiye da shekara kafin ta koma ƙasa sarai. Har yau babu ƙwaya ko jiƙo da ke warkar da siliyak. Mai cewa zai wanke mata ciki ta koma cin burodi, kuɗinki yake so.

Hajiya mai waina:

Kaka kuma kada ki yi musu da ita, suruka ba a kada ta da gardama. Ba mugunta ba ce, so take ta ba jikarta abu a hannu. Ki cika mata gwangwani da dabino da kantun riɗi da aya, ki ce Inna ga na Nana, ke za ki riƙa ba ta. Ranar komawa gidan likita kuma babansu ya tafi da ita ta ji da kunnenta.

Maman Nana:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai ƙosan namu lallai tana fanke. Saura ɗaya: yaran kwano ɗaya suke ci, in raba ta da su?

Malamar abinci:

Ranar tuwo ko shinkafa da miyar da kika tabbatar da ita, su ci tare, amma kowa ya wanke hannu da sabulu, ba tsoma hannu a ruwa kawai ba, musamman wanda ya taɓa burodi. Ranar taliya, ko shinkafar da aka haɗa da makaroni, ko wake da ake dangwala da burodi, a zuba mata nata daban tun kafin a kai kwanon tsakar gida. Tsame makaroni daga gefen kwano a ce ta ci shinkafar ba ya yi, ruwansa ya riga ya ratsa.