Shasi ne ya tsage, ko halin motar ne?

Mai 79: Salamu alaikum ogogina. Wata biyu ke nan na sa aka ɗaga Land Cruiser 79 ɗina inci 3, aka sa mata manyan tayoyi saboda hanyar gona. Jiya ina tsaye a ƙofar gida yarona yana murɗa sitiyari, sai na ga goshin motar yana gocewa gefe. In ya murɗa hagu sai ta ɗan kwanta dama, in ya dawo ta dawo. Tayoyin suna nan inda suke, bodin ne ke yawo. Wani ya ce min shasi ya tsage. Haka ne?

Mai Walda: Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Mota lafiyayya ba ta rawa a tsaye. Ka leƙa inda akwatin sitiyari ya kama shasi, nan yake tsagewa. Na yi waldar wurin nan a Cruiser 80 ban san adadi ba, kusan duk masu manyan tayoyi.

Injiniya: Oga, a yi haƙuri, ka yanke hukunci ba ka ga mara lafiya ba. Akwatin sitiyari a jikin shasi yake, tayoyi kuwa a jikin aksul suke, ƙarfe guda daga wannan taya zuwa waccan. In ka murɗa, akwatin yana tura dogon rodin da ke zuwa tayar dama. To duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka. Taya ta kafe a ƙasa, sai shasin ya nemi gocewa. Abin da ke riƙe shi shi ne sandar panhad, wadda ke kwance daga shasi zuwa aksul, bakinta biyu duk bushin roba ne. Roba kuwa tana lotsawa. Ɗan motsi dole ne, ko a sabuwar mota.

Mai Walda: Gocewa na ji. Kwanciyar fa? Ita ma roba ce?

Injiniya: A'a, wannan kasta ce. Layin da taya ke juyawa a kai ba a miƙe yake ba, ya jingina baya kamar fok ɗin babur. In ka karya hagu, tayar hagu tana danna ƙasa ta ɗaga gefenta, ta dama ta ɗan saki. Shi ya sa Alhaji ya ga ta kwanta dama.

Baban Agadas: Ɗana Injiniya, tsaya. 79 tun 1999 gabanta koyil ne, wato sifirin mai naɗi, da dogayen hannaye biyu masu riƙe aksul. In ka ɗaga ta, hannayen suna sunkuyawa, kasta ta ragu. Shi ya sa motar da aka ɗaga take yawo a kwalta, sitiyari ba ya dawowa da kansa bayan kwana. To abin da ya ragu ta yaya zai ƙara kwanciya?

Injiniya: Baba ka kama ni, gaskiyarka ne. Ɗagawa kaɗai rage kasta take. Sai dai in an canza rim zuwa masu fitowa waje, tayar ta yi nisa da layin juyawarta, dannawar ta ƙaru. Alhaji, an canza rim? Kuma sandar hana tangaɗi tana nan?

Mai 79: An canza, tayoyin har sun leƙo waje. Sandar kuma sun cire, wai ba ta kai ba bayan an ɗaga.

Baban Agadas: To ka ji. An cire wa mota ɗamara, a ce kada ta yi tangaɗi.

Mai Walda: Duk wannan turanci ne. Ni abin da idona ya gani nake faɗa. Babbar taya a kan kwalta, mota a tsaye, ana murɗa sitiyari har ƙarshe, duk ƙarfin nan a kan notunan akwati yake sauka. Yau da gobe ƙarfe ya gaji. Tsagar ma ba ta fitowa fili, sai ka goge laka ka ga wani siririn layin tsatsa kamar gashi. In kuka ce masa halin mota ne ya je ya kwanta, ranar da akwatin ya ɓalle a hanya wa zai ɗauki alhaki?

Injiniya: Ban ce kada a duba ba, Oga. Cewa na yi motsi kaɗai ba shaida ba ne. Akwai ma abin da ya fi damuna. In aka ɗaga mota, panhad tana karkata, ta ja aksul gefe. Sanda mai tsawon mita 1 da ke kwance, in ka ɗaga bakinta ɗaya santimita 10, za ta ja aksul wajen milimita 5, in da ma a karkace take ya fi haka. Wasu don su mayar da aksul tsakiya sai su yi waldar wani ƙarfe su sauko da mazaunin panhad, su bar rodin sitiyari yadda yake. Alhali su biyun dole su tafi a jere, kamar layin dogo. In suka saɓa, ƙarfin murɗawa ya riƙa ɗaga goshin mota ko ya danne shi, kuma duk ramin da ka faɗa sitiyari ya fizge da kansa.

Mai 79: Innalillahi. Fizgar nan ina jin ta, na ɗauka tayoyin ne.

Baban Agadas: Mu da muka yi zamani da Cruiser 75 mai sifirin ganye ba mu san wata panhad ba. Namu ciwon shakul ne, ƙarfen nan da ke haɗa bakin sifirin da shasi. A ƙara masa tsawo don mota ta tashi, a ɗora jarkoki da mutane a sama, ka kama hanyar Dirku, ka ji tana lilo kamar raƙumi. A rairayi ba ka damu ba. Ranar da ka hau kwalta ka shiga kwana da gudu za ka san nauyi ya koma sama.

Injiniya: Alhaji ga gwaji, ba sai ka biya kowa ba. Mota a ƙasa, kada a sa jak, a ja birkin hannu, a sa dutse. Yaro ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, kai ka tsuguna da tocila. Ka ɗora yatsa a bakin panhad. In roba ce ke lotsawa a hankali, daban. In ka ji ƙas-ƙas, ko noti na motsi a raminsa, ko akwatin na ɗagowa daga jikin shasi, kada motar ta fita.

Mai 79: Na dawo. Shasi dai na goge tas, ban ga layi ba. Amma bushin panhad na wajen aksul ya cinye, notin yana wasa, ramin ya zama kamar ƙwai. Kuma ƙarfen da Injiniya ya faɗa yana nan, an yi waldarsa a sama, waldar ma kamar kashin kaji.

Mai Walda: Ka goge ta ciki, bayan akwatin? Ta waje ba ta nuna komai.

Mai 79: Hannuna bai kai can ba, Oga.

Mai Walda: To ba ka duba ba tukuna. Kawo ta gobe da safe a kwance akwatin, ka taho da sandar da suka cire in ba su sayar ba.