Tsuntsu ya takure kusa da mazubin abinci, hatsi na zubo masa daga baki

Talatu: Assalamu alaikum. Idan tsuntsun daji ya takure kusa da mazubin abinci a lambu, gashinsa a tashe, ƙasan bakinsa jiƙe, yana ɗaukar hatsi yana kasa haɗiyewa, wace cuta ce wannan? Kuma me ya kamata a yi?

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Alamun sun fi kama da tirikomonas. Ƙwayar cuta ce da ke kumbura maƙogwaro har abinci ya kasa wucewa, tsuntsun ya mutu da yunwa alhali ga hatsi a gabansa. An daɗe da saninta a tattabaru da kurciyoyi, amma daga 2005 ta shiga ƙananan tsuntsaye masu cin hatsi a Birtaniya ta yi musu mummunar ɓarna. Ta yawu take yaɗuwa: marar lafiya ya tofo ƙwayar hatsi, mai lafiya ya tsince. Shi ya sa faffaɗan faranti ya fi mazubin rataye haɗari, haka ma kwanon ruwa.

Ki sauke komai, har da ruwan, na mako 2 zuwa 4 domin taron ya watse. Wannan matakin ne mutane suka fi jin nauyinsa, kuma shi ya fi ceton rai.

Hajiya Binta: Ga yadda ake wankin mazubin da kwanon ruwan. A fara goge kashi da ragowar hatsi da buroshi da sabulu, don bilic, ruwan da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, ba ya aiki a kan dauɗa. Sai a jiƙa minti 10 cikin bilic kashi 1, ruwa kashi 9, a ɗauraye sosai, a bari ya bushe ƙarau. Kada a yi gaggawa a nan, tirikomonas ba ta jure bushewa, danshi ne ke raya ta. In an dawo da ciyarwa, a wanke duk mako, a sauya ruwa kullum, a share ƙasan mazubin, a riƙa canza masa wuri. A zuba abin da zai ƙare a yini ɗaya ko biyu kawai. Hatsin da ya yi hunhuna yana jawo ciwon huhu.

Malam Sani: Ƙari kaɗan, Malama Talatu. Salmonela, wata ƙwayar cuta daban, ita ma tana sa tsuntsu ya takure haka, ta kashi take yaɗuwa, kuma ita tana kama mutum da kyanwa. Ki sa safar hannu, ki yi wankin a waje da bokiti na daban, ba inda ake wanke kwanuka ba. Kada ki zuba magani a ruwan shansu, ba yadda za a auna abin da kowane tsuntsu ya sha.