Ranar farko da kuka shiga filin ƙwallon da ba ku san dokarsa ba

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da yawanmu karatu ko aiki ya kai mu ƙasashen da in an ce a zo a je kallon ƙwallo, ba tamaular da muka tashi da ita ake nufi ba. Ina so kowa ya ba mu labarin yadda ta kaya masa ranar farko.

Tawa a Melbourne ce, a Ostareliya, wajen kallon irin ƙwallonsu. Abokan aiki suka ja ni filin MCG mai cin mutum kusan 100,000. Filin siffar ƙwai gare shi, don asalinsa na wasan kurket ne. Mutum 18 kowane ɓangare, ba gola, ba satar gida, turaku huɗu a kowane ƙarshe kuma ba raga. Ka buga ta ratsa tsakanin dogayen biyu na tsakiya, maki 6. Ta kauce ta bi ta gefe, maki 1. Alƙalin da ke tsaye bayan turakun sai ya ƙame, ya miƙo yatsu biyu, sannan ya ɗaga fararen tutoci biyu ya kaɗa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan wasa da ya taho a guje, ya ɗora gwiwa a kafaɗar abokin karawarsa, ya cafe ƙwallon a sama. Ina jiran usur na laifi, sai na ga shi aka ba bugu, fili kuwa ya ɗauki sowa. Dokarsu ce: in an bugo ta daga nisan mita 15 ko fiye ka cafe kafin ta taɓa ƙasa, bugun naka ne ba mai tare ka. Tun 1859 suka rubuta dokokinsu, kun ga sun riga hukumar ƙwallon Ingila da shekara huɗu.

Maman Yusra:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Ni 'yata ce ta shigar da ni. Muna zaune a Ayalan, ta dawo daga makaranta ta ce ita ƙwallon Gelik za ta yi. Na raka ta atisaye, na ga ƙwallo zagayayya, na ce to wannan na sani. Ashe da sauran magana. Ana riƙe ta a hannu, amma ba a wuce taku huɗu sai an buga ta a ƙasa, ko a sako ta kan ƙafa a ɗan taɓa ta ta dawo hannu, duk ana cikin gudu. Yarinyar nan ta daɗe tana koyon wannan a jikin bango, ƙwallo na tsere mata tana bi, har ranar da ƙafa da hannu suka daidaita.

Cikin raga maki 3 ne, saman sanda tsakanin turaku galibi maki 1. Shi ya sa za ka ga allo ya nuna 1-12, wato ci ɗaya a raga da maki 12, jimla 15 ke nan.

Abin da ya fi burge ni ba dokar ba ce. Ƙungiyar GAA mai kula da wasannin Gelik, wadda aka kafa a 1884, har yau ba ta biyan 'yan wasa albashi. Wanda ya yi wasa gaban mutum sama da 80,000 a filin Croke Park da ke Dublin ranar Lahadi, ran Litinin yana aji yana koyarwa ko yana gona. Kuma gundumarka kake bugawa, ba a sayen ka ba a sayar da kai. Wallahi wannan ya sa na ga girman wasan.

Ɗan Tsakiya:
Ku yi haƙuri Yaya, ni dai ban gamsu ba. An kai ni kallon ƙwallon Amurka a wata jami'a a can, agogo ya ce minti 60, muka kwashe fiye da awa uku. Daƙiƙa biyar ana wasa, sai a tsaya, a taru, a yi ƙus-ƙus, wasu su fita wasu su shigo. Daɗin tamaula ai shi ne ba ta tsayawa, kuma ci ɗaya na iya raba gardama.

Injiniya:
Ɗan Tsakiya, da wa ka zauna? Wannan shi ne duka. Ni ma shekarar farko haka na ji, sai Allah ya haɗa ni da wani dattijo maƙwabcina da ya taɓa horar da yaran sakandare. Ya ce in daina bin ƙwallo da ido, in riƙa kallon yadda aka jera kafin a fara. Dama huɗu ake ba ku ku ci yadi 10. Wannan tsayawar da ta ishe ka, a nan ake wasan: masu kai hari na ɓoye niyyarsu, masu tsaro na ƙoƙarin karanta ta. Ranar da na fara hango inda za a jefa tun ba a jefa ba, ranar na daina duba agogo. Jifa gaba ma sai 1906 aka halatta, bayan mace-macen 'yan wasa sun yi yawa a turmutsutsun da ake yi kafin nan.

Inda zan bi bayanka shi ne raunin kai. Na ga yaro ya tashi yana tangaɗi bayan karo, kwalkwali na kansa. Ɗana ya nemi shiga, na hana.

Hajiya Ummi:
Injiniya, mu nan Kanada dama uku ce kawai, mutum 12, fili yadi 110. Saboda haka jifa ya fi yawa, wasan ya fi sauri. Ɗan Tsakiya ya gwada namu kafin ya yanke hukunci.

Mai Lamba Takwas:
Duk kallo kuka yi, ni shiga na yi. Zari-ruga, a jami'a a arewacin Ingila. Abin da ya fi wuya ba faɗuwa ba ce, jiki na sabawa da ita. Wuyar tana cikin kai. Wanda ya tashi da tamaula, da ya ga abokinsa ya samu ƙwallo sai ya ruga gaba neman sarari. A nan kuwa ba a miƙa ta gaba da hannu, dole ka tsaya bayansa. Koci ya yi ta kiran sunana ina komowa. Sannan alƙali: kyaftin kaɗai ke masa magana, ka yi ƙorafi a ƙara matsar da ku baya mita 10. Na ga ƙato ya sunkuyar da kai ya ja baya bai ce uffan ba.

A can na gane zari-rugar ma biyu ce. Tamu mutum 15. Garuruwan da ke kewaye da mu kuwa ta mutum 13 suke yi, wadda in an kayar da ku sau shida sai ku ba da ƙwallo. A 1895 suka ɓalle a Huddersfield, saboda 'yan wasansu ma'aikatan masaƙa da mahaƙa kwal ne, suna so a biya su ladan aikin da suka rasa ranar wasa, manyan kudu suka ƙi. Sai 1995 ɓangarenmu ya yarda da biyan kuɗi. Har yau in ka rikita su a gaban dattijon garin, ransa ɓaci yake.

Baban Hanifa:
Maman Yusra, kin san naku da namu sun sha haɗuwa? Tun 1984 Ayalan da Ostareliya suka fara karawa da dokar da aka gauraya: ƙwallo zagayayya da raga daga wajenku, kayarwa da cafewa daga wajenmu.

Maman Yusra:
Kocin su Yusra ya taɓa faɗa. Ya ce ma ƙungiyoyinku na ɗauke musu 'yan mata masu hazaƙa, don can ana biya. Yusra ta ji, yanzu kullum tambayata take yaushe za a saya mata doguwar ƙwallon. Mai Lamba Takwas, irin taku ce ko daban take?

Mai Lamba Takwas:
Daban ce Hajiya. Tasu ta fi siranta, an yi ta don bugu da ƙafa da dunƙulen hannu, tamu ta fi kauri. Ki nemi ƙarama ta yara, babbar za ta yi wa hannunta yawa.